TARIN FUKA DA ZUCIYAR MAI JINYA

Yau zancenmu a kan tarin fuka ne, wanda waɗansu ke kira tibi. Amma ba zancen huhu kaɗai za mu yi ba. Za mu yi zancen zuciyar mai jinya, watau damuwar da kan kama mutum tun daga ranar da aka gaya masa abin da ke cikin ƙirjinsa, da kuma ƙarfin zuciyar da zai kai shi ƙarshen magani.

Kai da ka ke zaune bisa bencin dispensa riƙe da wannan 'yar takarda, wataƙila kai ne mai tarin, wataƙila kuwa ɗanka ne, ko matarka, ko maƙwabcinka. In akwai wanda bai iya karatu ba kusa da kai, ka karanta da ƙarfi domin shi ma ya ji. Zan ba ka tarihin yadda likitocin duniya suka yi fama da wannan cuta, da yadda suka gane a hankali cewa magani shi ke kashe ƙwayar cuta, amma sai mai kwanciyar rai ke iya shan magani har ya ƙare.

ZAMANIN TSORO

Tarin fuka tsohuwar cuta ce ƙwarai. An sami alamunta a ƙasusuwan mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Shekaru dubbai mutane suna mutuwa da ita, ba wanda ya san mafarinta. A ƙasar Turai waɗansu likitoci suka ce gadonta a ke yi. Waɗansu kuma suka ce baƙin ciki ne ke kawo ta. Cikin masu wannan ra'ayi har da wani babban likita na Faransa, René Laennec, wanda ya ƙago abin sauraron ƙirji a 1816, irin wanda ka ke gani rataye a wuyan likita. Shi ya lura yawancin masu tarin mutane ne da baƙin ciki ya daɗe yana ci. Shi kansa cutar ce ta zama ajalinsa a 1826.

Mu ma a ƙasar Hausa haka mu ke da namu zato. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce jifa ne, wani ya ce gashin kyanwa aka haɗiya, wani kuwa ya ce ai gidan su wane duk masu fuka ne, kada a nemi aure can. To, ka duba halin wanda aka gaya wa cutarsa gado ce ko jifa. Ina zai sami ƙarfin gwiwar neman magani? Ya riga ya fid da rai tun bai kwanta ba.

Ran 24 ga watan Maris, 1882, wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ya tsaya gaban 'yan'uwansa likitoci a birnin Balin, ya nuna musu ƙwayar cutar cikin madubin likita. A zamanin nan, cikin kowane mutum bakwai da suka mutu a Turai, ɗaya tarin fuka ne ya kashe shi. Daga ranar aka tabbata ba gado ba ne, ba kuwa aikin maƙiyi ba ne. Wata 'yar ƙwaya ce da ido ba ya gani, tana fita cikin iska sa'ad da mai cutar ya yi tari ko atishawa, wani ya shaƙa. Domin tunawa da wannan rana ne duniya ke yin ranar tarin fuka kowace shekara ran 24 ga Maris.

Sai dai wannan sani ya zo da nasa nauyi. Da mutane suka ji ɗauka a ke yi, sai suka shiga gudun mai cutar. Aka rabu da tsoron gado, aka shiga ƙyama. Magani kuwa babu tukuna, sai da aka ƙara shekara sittin da ɗoriya.

ZAMANIN GIDAJEN JINYA

Tun da babu magani, dabarar da likitoci suka yi ita ce su gina manyan gidajen jinya nesa da gari, bisa duwatsu ko cikin daji, inda iska ke da kyau. A kan kwantar da mutum, a ba shi abinci mai kyau, a hana shi aiki, wata da watanni, wani har shekaru. Wani likita na Amurka, Edward Trudeau, ya karɓi majinyatansa na farko a irin wannan gida a bakin tafkin Saranac a 1885. Shi ma mai tarin ne. An tabbatar masa da cutar yana saurayi, amma ya ƙi ya kwanta jiran mutuwa, ya yi fiye da shekara arba'in yana aiki kafin ya rasu a 1915.

Gidajen nan sun yi amfani, gama sun raba mai tari da jama'a, hutu da abinci kuma sun taimaki waɗansu. Amma ka yi tunanin magidanci da aka raba da iyalinsa da sana'arsa shekara biyu, yana kwance yana ƙirga azara, ba ya jin kome sai tarin na kusa da shi. Ya kan fito, in ya fito, ya tarar wani ya hau gurbinsa a wurin aiki, shi kuwa ya saba a yi masa kome. Jiki ya yi sauƙi, zuciya ta mutu.

Wani likita a Ingila, Pendrill Varrier-Jones, ya ga wannan illa. A 1918 ya kafa wani ƙauye a Papworth, kusa da birnin Kambirij, domin masu tarin fuka. A can mai jinya, in ya sami sauƙi, a kan ba shi gida ya zauna da iyalinsa, a ba shi aiki gwargwadon ƙarfinsa, kamar kafinta, ko ɗab'i, ko yin akwatuna, a kuma biya shi lada kamar kowane ma'aikaci. Abin da likitan nan ya gane shi ne, mutumin da ke ci da guminsa yana ganin kansa da daraja, wanda ke ganin kansa da daraja kuwa ya fi kula da lafiyarsa. Wannan shi ne darasi na farko: kada a mai da mai jinya abin tausayi kawai.

LIKITOCIN DA SUKA AUNA DAMUWA

Maganar Laennec ta baƙin ciki ba ta mutu ba, ko da ya ke an san ƙwaya ce ke kawo cutar. A 1949 wani likitan tunani, Eric Wittkower, ya buga littafi a Ingila bayan ya zauna da masu tarin fuka da yawa yana sauraron abin da ke ransu. A cikin shekarun 1950 kuma, a wani gidan jinya mai suna Firland a birnin Siyatil na Amurka, likita Thomas Holmes da abokan aikinsa suka riƙa tambayar majinyata abin da ya same su kafin ciwo. Sai suka tarar da yawa cikinsu, a shekara biyun da suka gabaci kwanciyarsu, masifu sun taru musu: mutuwar aure, rasa aiki, ƙaura daga wannan gida zuwa wancan, bashi, kaɗaici. Daga wannan aiki ne Holmes da abokinsa Richard Rahe suka fito da wani ma'auni a 1967, mai jera al'amura 43 da kan girgiza mutum. Wanda suka sa a kan gaba shi ne mutuwar miji ko mata.

A nan ina so ka fahimce ni sosai. Damuwa ba ta haifar da tarin fuka. In babu ƙwayar, ko baƙin cikin duniya ya taru a kanka ba za ka yi tarin fuka ba. Amma ga yadda abin ya ke. Masana sun ƙiyasta kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa. Yawancinsu ba su yin ciwo har abada, domin jiki yana da dakarunsa cikin jini, su kan kewaye ƙwayar su tsare ta kamar ɗan fursuna. Abin da ke raunana dakarun nan shi ne yunwa, da ƙanjamau, da ciwon sukari, da shan taba, da shaye-shaye. Doguwar damuwa kuma tana da nata rabo. In mutum ya daɗe cikin zullumi, waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle da ke bisa ƙoda su kan riƙa zubo wani sinadari cikin jini, sunansa kotisol, shi kuwa in ya yi yawa ya daɗe, ya kan rage kuzarin dakarun jiki. Ban da wannan, mai damuwa ba ya cin abinci, ba ya barci. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, damuwa tana cikin masu tsaga bango.

ZUWAN MAGANI

A 1943 wani ɗalibi mai suna Albert Schatz, yana aiki ƙarƙashin malaminsa Selman Waksman a Amurka, ya samo wani magani daga ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. Aka sa masa suna sitiraftomaisin. Allura ce. A Ingila aka gwada shi, aka buga sakamako a 1948. An ɗauki majinyata 107. Aka yi wa 55 allura tare da hutu, 52 kuwa hutu kaɗai. Cikin wata shida, mutum 4 suka mutu cikin masu allura, 14 cikin marasa allura. Aka kuma sami wani magani da a ke kira PAS, sa'an nan a 1952 aka sami isoniyazid, wanda har yau mu ke ba ku.

Nan da nan likitoci suka gane in an ba da magani ɗaya tak, ƙwayar ta kan saba da shi ta daina jin sa. Sai an haɗa biyu ko uku. Likita John Crofton na birnin Edinbara ya nuna a shekarun 1950 cewa in an haɗa ukun, aka kuma sha su ba fashi, kusan kowa ya kan warke.

To, ashe sauran rina a kaba. A zamanin nan shan magani ya kan kai shekara ɗaya da rabi, ko biyu. PAS kuwa da yawa a ke shan sa, ga tashin zuciya. Mutum ya kan sha wata biyu ko uku, tari ya tsaya, jiki ya murmure, sai ya gaji ya ajiye. Bayan 'yan watanni ciwo ya dawo, wani lokaci ya dawo da ƙwayar da ba ta jin magani. Cuta ta sami magani, amma haƙurin shan sa ya zama sabon aiki.

GWAJIN MADRAS

Ƙasashe irin su Indiya da namu ba su da gadajen asibiti da za su kwantar da duk mai tari. Saboda haka a 1956 aka buɗe wani wurin bincike a birnin Madras na Indiya, wanda yanzu a ke kira Chennai, ƙarƙashin wani likita Bature mai suna Wallace Fox. Aka ɗauki majinyata 193, talakawa ne masu zaman cunkoso. Aka kasa su biyu. Kashi ɗaya aka kwantar a gidan jinya, ga hutu, ga abinci mai kyau. Kashi ɗaya aka bar su a gidajensu. Magani kuwa iri ɗaya aka ba su duka, har shekara guda.

Da aka buga sakamako a 1959, sai duniya ta yi mamaki. Waɗanda suka sha magani a gida sun warke kusan daidai da na gidan jinya. Aka kuma bi iyalansu shekaru ana dubawa, aka tarar iyalan waɗanda suka zauna a gida ba su fi na sauran kamuwa ba. Dalili kuwa shi ne, da zarar magani ya fara aiki, ƙwayoyin da ke fita cikin tari su kan ragu da sauri. Haɗarin iyali yana kafin a fara magani ne, lokacin da a ke ɓoye ciwo, ba bayan an fara ba.

Wannan gwaji shi ya sa aka rufe gidajen jinya da yawa a duniya, ya kuma mai da mai tari cikin danginsa. Amma likitocin Madras sun ga wani abu kuma. Da suka riƙa auna fitsarin waɗanda ke gida, suka tarar waɗansu ba su shan maganin kullum, ko da ya ke sun ce suna sha. Ba mugunta ba ce, halin ɗan Adam ne. Daga nan aka soma tunanin cewa kowane mai jinya ya kamata ya sami wani wanda zai tsaya masa, ya ga ya haɗiye magani. Wannan shi ne darasi na biyu: gida ya fi, amma gida mai kula.

YADDA ABIN YA ISO GARE MU

A ƙarshen shekarun 1960 aka sami rifamfisin. Gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Gabas cikin shekarun 1970 suka nuna in an haɗa shi da sauran magunguna, wata shida ya isa. Likita Karel Styblo ya shirya wata hanya a Tanzaniya daga ƙarshen shekarun 1970: a gwada kaki, a rubuta sunan kowane mai jinya cikin littafi, magani kada ya yanke, a kuma sha shi gaban mai lura. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa tarin fuka ya zama abin gaggawa a duniya, daga baya kuma ta ɗauki hanyar nan ta yaɗa ta da sunan DOTS.

A Nijeriya gwamnati ta kafa shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta a 1989, aka ƙaddamar da shi a 1991. Akwai makarantar horar da ma'aikatan wannan aiki a Saye, kusa da Zariya. Kada ka yi mamakin haɗa cututtukan nan biyu. Ƙwayoyinsu dangin juna ne, rifamfisin kuma yana cikin maganin kowaccensu. Har wa yau sun yi tarayya cikin abu na uku, watau kunya. Kusa da Kano akwai asibitin kutare da a ke aiki a cikinsa tun shekarun 1930, sunan wurin kuwa Yadakunya. Ka dubi wannan suna. Tun ba a sami magani mai ƙarfi ba, an san abin da mai irin wannan ciwo zai fara yarwa kafin ya sami lafiya.

Yau Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, Jihar Kano kuma tana cikin jihohin da suka fi yawansu. Amma kayan yaƙi sun fi na kowane zamani. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da wata na'ura mai suna GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar cikin kaki cikin kamar awa biyu, ta kuma faɗi ko rifamfisin zai ci ta. Maganin kyauta ne a wuraren da gwamnati ta keɓe. Iri huɗu a ke sha wata biyu, sa'an nan iri biyu wata huɗu. Fiye da mutum takwas cikin goma na waɗanda suka fara magani su kan gama lafiya. Ko tarin da ba ya jin magani, wanda dā a ke shekara biyu ana fama da shi da allurai, tun 2022 an yarda da wani haɗi na ƙwayoyin sha na wata shida domin yawancin masu shi.

MUTUM BIYU DA SUKA WARKE

In zuciyarka ta ce maka mai tarin fuka ya gama yawo, ka tuna da mutum biyu na Afirka ta Kudu. Desmond Tutu ya kamu yana yaro ɗan makaranta, ya yi kimanin wata ashirin a asibiti. Wani malamin addini Bature, Trevor Huddleston, ya riƙa zuwa duba shi a kai a kai, yana kawo masa littattafai. Yaro ɗan talaka ya ga babban mutum ya ɗauke shi da daraja, sai shi ma ya ɗauki kansa da daraja. Ya girma ya sami lambar Nobel a 1984, ya rasu a 2021 yana da shekara 90.

Nelson Mandela kuwa ya kamu a 1988 yana kurkuku, yana da shekara 70. Ya sha magani ya warke, ya fito a 1990, ya zama shugaban ƙasarsa a 1994, ya rayu har shekara 95. Bai ɓoye ba. Ya tsaya gaban taron duniya ya faɗi da bakinsa cewa ya yi tarin fuka. In shugaban ƙasa bai ji kunya ba, kai me za ka ji wa kunya?

TO, MU A WUDIL FA?

Mu da mu ke aikin dispensa mun san damuwar mai tari iri huɗu ce. Bari in ɗauke su ɗaya ɗaya.

Ta farko, tsoron mutuwa. Ka ji tarihi. Wannan tsoro gadonsa ka yi daga zamanin da babu magani. Zamanin nan ya wuce. Abin tsoro yau shi ne jinkiri. In ka yi tari mako biyu bai tsaya ba, ko kana zufa da dare, ko zazzaɓi da yamma, ko kana rama, ko ka ga jini cikin kaki, ka zo dispensa ko Babban Asibitin Wudil a gwada kakinka. In ba a yin gwajin a wurin da ka je, za a aika da shi inda a ke yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta biyu, tunanin abinci da sana'a. Manomin fadama yana tunanin wa zai yi masa ban ruwa. Masunci yana tunanin komarsa a kogi. Dillalin shanu yana tunanin kasuwar Juma'a za ta ci ba shi. Ka sani ba za a kai ka wani dutse a ajiye shekara biyu ba. Yawancin mutane su kan ji ƙarfi cikin 'yan makonni, su koma aiki sannu sannu suna shan maganinsu. Ka tambayi malamin asibiti lokacin da ya dace. Abinci kuma ba sai na kanti ba. Wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, zogale, da nono sun isa gina jiki, amma madara a tafasa ta tukuna, gama shanu ma suna da nasu irin tarin fuka, ya kan bi ɗanyar madara.

Ta uku, kunya da ƙyama. Wannan ta fi cin mata. Mace ta kan ɓoye tarinta domin tsoron kishiya, ko gorin dangin miji, ko kada a ce ta tafi gidansu sai ta warke. Budurwa ta kan ɓoye kada a fasa aurenta. Maigida, da kai na ke. Cutar nan ba ta bin kwano, ba ta bin cokali, ba ta bin gaisuwa da hannu. Iska ta ke bi. Maganinta shi ne a buɗe taga, a bar rana ta shiga ɗaki, mai tari ya rufe baki da ƙyalle, ya tofa kaki cikin gwangwani mai murfi. Bayan kamar mako biyu ana shan maganin da ya dace ba fashi, haɗarin ɗauka ya kan ragu ƙwarai. Ware mata kwano ba ya tsare kowa, sai dai ya karya mata zuciya. Abin da zai tsare gidanka shi ne ka kawo duk mutanen gida a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar, gama akwai maganin rigakafi da a ke ba su. Mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba ɗanta mama.

Ta huɗu, tsoron maganin kansa. Za ka ga fitsarinka ya yi ja-ja kamar ruwan goro. Ba jini ba ne, launin rifamfisin ne, ba ya cutarwa. In tafin ƙafarka yana zafi ko yana yi maka kamar tafiyar kiyashi, ka faɗa, akwai ƙwayar bitamin da ke gyara shi. Amma in idonka ya yi rawaya, ko kana amai ba tsayawa, ko ganinka ya dushe, ko ƙuraje sun feso maka, ka zo ran nan, kada ka kwana. In azumi ya zo, kada ka ajiye magani bisa ra'ayin kanka, ka zo a shirya da kai. Za a kuma nemi ka yarda a gwada jininka domin ƙanjamau. Kowa a ke yi wa haka, ba zarginka a ke yi ba.

Akwai kuma baƙin cikin da ya wuce na yau da kullum. In ka ga mako biyu ko fiye ba ka jin daɗin kome, barci ya ƙi, kana kuka ba dalili, ko zuciya tana raya maka gara mutuwa, wannan ma ciwo ne, yana da magani. Ba raunin imani ba ne. Ka gaya wa malamin asibiti kamar yadda za ka gaya masa ciwon kai.

YADDA A KE GINA ƘARFIN ZUCIYA

Ƙarfin zuciya ba a sayar da shi a kemis, gina shi a ke yi kamar katanga, tubali bisa tubali. Ka zaɓi mutum ɗaya da ka yarda da shi, wa ko ƙane, mata ko aboki, ya zama mai tsaya maka, ka riƙa shan magani a gabansa kowace safiya. Ka riƙe katinka da kyau, ka duba yadda kwanakin da ka sha su ke ƙaruwa. Duk ranar awo ka tambayi nauyinka, gama ganin ma'auni yana hawa ya fi lallashi dubu. Kada ka kulle kanka a ɗaki. Ka zauna a inuwa a waje inda iska ke kaɗawa, ka yi hira da mutane. Ka riƙe wani ɗan aikin hannu, ko tufka ce, ko saƙar tabarma, ko ɗinkin hula. In ka san wanda ya taɓa yin ciwon ya warke, ka neme shi ku yi zance.

Ka kuma kiyayi wata na uku. Nan ne tari ya kan tsaya, jiki ya dawo, zuciya ta ce ai ka warke. Ba ka warke ba tukuna, ƙwayar ta laɓe ne. Wanda ya tsaya a tsakiyar gadar Wudil bai ƙetare kogi ba. Likita ne kaɗai zai ce ka gama, bayan an sake gwada kakinka.

Ku kuma dangi da maƙwabta, da masu unguwa da limamai, aikinku shi ne irin na mutumin nan da ya riƙa kai wa yaro littattafai. Ku je gaisuwa. Ku taya shi noma in damina ta same shi a kwance. Ku kira shi da sunansa, kada ku ce mai fuka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mutanen dā sun yi ƙarfin hali ba su da magani. Mu Allah ya ba mu maganin, kyauta, kusa da gida. Abin da ya rage a gare mu shi ne mu ya da kunya, mu riƙe juna har wata shida su cika. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri.